Musayar gida, jirgin ruwa ko jirgin ƙasa: amsa ga wata 'yar'uwa a Jidda

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Jidda ta aiko da tambaya. Ita da maigidanta da yara uku da mahaifiyarta mai fama da ciwon gwiwa duk fasfon Najeriya gare su, da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, suke zaune. Kowane hutu Kano suke zuwa ko su zauna gida, bana kuwa sun tara ɗan abin da suka tara, suna son ganin wata ƙasa. Ta ji ana maganar musayar gida da wani iyali a ƙasar waje (su sauka a gidanku, ku sauka a nasu lokacin hutu), da jirgin ruwa na yawon buɗe ido, da jiragen ƙasa masu ratsa duwatsu. Tana tambaya wanne ya dace da su, kuma ko za a iya haɗa ukun a tafiya ɗaya.

Hajiya, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Inna lafiya, ya raya zuri'a. Na daɗe ina aikin shirya wa mutane tafiya a garin nan, kuma duk hanyoyin nan uku ina son su. Sai dai ki sani, waɗanda suka ƙirƙiro su da masu tallata su mutane ne da fasfonsu ke buɗe musu iyaka ba tare da an tambaye su komai ba. Mu masu fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi ko Sudan, da iƙama a aljihu, takarda ce ke zaɓar mana hanya. Saboda haka kada ku haɗa ukun a tafiya ɗaya. Kowacce tana da nata takardun da nata lokacin, kuma in aka cakuɗa su, wadda ta fi wuya ita za ta ja sauran ƙasa.

Ki tattaro fasfo shida da iƙama shida ki shimfiɗa su a gabanki. Kowane fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ku dawo, kuma iƙamar kowa ta wuce ranar dawowa da tazara mai kyau. Sai bizar fita da dawowa, wato huruj da auda: ta fita ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, da ƙarin riyal 100 kan kowane wata, ta fita da yawa riyal 500 ce na wata uku. Taki wajen aikinki za su fitar, ta waɗanda ke ƙarƙashinki ko ƙarƙashin maigida kuwa a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ake yi. Mutane da yawa suna zaton tunda daga tashar Jidda jirgin ruwa zai tashi kuma nan zai dawo, ba su fita ƙasa ba. Muddin zai tsaya a Masar ko Jodan, kun fita, kuma jami'an jawazat, wato na shige da fice, za su nemi bizar a bakin jirgi. Ki ajiye katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo, domin wasu ƙasashen suna neman sa daga mai fasfon Najeriya. Duk wannan a gama shi kafin a biya kuɗin ko da tikiti ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Jirgin ruwa shi ne ya fi dacewa da Inna, kuma da shi nake so ku fara. A jirgin sama da otal, dattijuwa kullum cikin ɗaura kaya da kwancewa take, hawa mota, sauka mota, jiran layi. A jirgin ruwa sau ɗaya za a kwance akwati. Ɗakinta na nan, gadonta na nan, ta kwanta a wata ƙasa ta farka a wata, in ba ta jin sauka ta zauna a baranda da carbinta tana kallon Bahar Maliya. Ina kuma ganin akwai wani abu a wannan ruwan da ya shafe mu musamman. Kakannin da yawa daga cikin Hausawan Makka da Jidda ƙasa suka tako daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, har suka iso Sawakin a gaɓar Sudan suka tsallako a jiragen katako. Yaran da aka haifa a nan ya kamata su ga faɗin ruwan nan da idonsu, a gaya musu wa ya tsallake shi da yadda ya tsallake.

Harkar ba ta daɗe a Saudiyya ba. A 2021 aka kafa kamfanin Cruise Saudi, a shekarar ce kuma jirgin MSC Bellissima ya riƙa ɗaukar fasinja daga Jidda. A watan Disambar 2024 jirgin AROYA ya fara aiki daga tashar Jidda. A Jamus aka ƙera shi a 2017, tsawonsa mita 335, yana ɗaukar fasinja fiye da 3,300. Abin da ya bambanta shi da jiragen Turawa shi ne ba giya, ba gidan caca, abincin halal ne, akwai wuraren salla. A sauran jiragen za ki samu kifi da ganye da shinkafa ki ci, amma wajen tafkin wanka da zaurukan dare ba wuraren da za ki so Inna ko 'yan matanki su zauna ba ne, kuma gara ki san haka tun kafin ki biya. Lokacin Bahar Maliya lokacin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Da zafi jiragen kan koma Bahar Rum, kamar yadda AROYA ya yi a 2025 ya riƙa tashi daga Istanbul zuwa gaɓar Turkiyya da tsibiran Girka. Wannan kuwa wata magana ce daban gare ku, domin bizar Turkiyya ce da ta Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, a lokaci guda, kuma in jirgin zai shiga Girka ya fita ya sake shiga, sai Shengen mai shiga da yawa. Tun ƙarshen 2023 kuma, saboda hare-haren kudancin Bahar Maliya, kamfanonin Turai da dama sun janye ko sun sauya hanya, don haka ki dubi jadawalin shekarar da za ku tafi, kada ki dogara da abin da wata ta ba ki labari.

Kafin biya, ki sa kamfanin ya rubuto miki a rubuce wace biza mai fasfon Najeriya ke bukata a kowace tasha. Wasu kamfanonin ba sa barin fasinja ya hau tun daga farko in ba shi da bizar dukkan tashoshin, ko da ya rantse ba zai sauka ba, kuma ba sa mayar da kuɗi. Wannan ne babban ramin da na ga mutanenmu suna faɗawa.

Farashin da ake tallatawa na ɗaki da abinci ne. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da jirage da yawa ke ɗorawa kan kowane mutum a kowace rana, akwai intanet, akwai yawon da za a kai ku in an sauka, akwai likitan jirgi mai tsada, shi ya sa inshorar lafiya ta tafiya ta zama dole saboda Inna. A kashe intanet ɗin layin waya da zarar jirgi ya bar gaɓa, domin a tsakiyar ruwa wayar kan kama layin tauraron ɗan'adam mai cin kuɗi. Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta. Nan ne girgiza ta fi sauƙi ga mai jiri. Magungunan Inna su kasance a jakar hannu, domin akwatuna kan yi awanni kafin su iso ɗaki. Atisayen rigar ceto da ake yi kafin tashi kada kowa ya ƙi zuwa. An tsananta dokarsa ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. In kun sauka Aƙaba a Jodan, tsohon birnin Petra tafiyar wajen awa biyu ce a mota, sannan doguwar tafiyar ƙafa a cikin tsagin dutse, ba ta Inna ba ce. Ku bi yawon da jirgin ya shirya, domin in motarsu ta makara ana jiran ta, in tasi ɗin da kuka ɗauka da kanku ya makara jirgi tafiyarsa zai yi.

Salla a tsaye ake yi in ba a jin tsoron faɗuwa, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, ƙasaru ana yi a tudu da ruwa, amma rangwamen haɗa salla biyu na tafiyar tudu ne. Ku zauna da malaminku kafin tafiya ya warware muku.

Musayar gida ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi neman natsuwa. Malaman makaranta ne suka fara ta a Turai da Amurka a 1953, masu dogon hutu da ƙaramin albashi, daga nan ƙungiyoyin Intervac da HomeLink suka samo asali. Dandalin intanet na HomeExchange, wanda ya fi girma yanzu, a 1992 aka kafa shi. Ana biyan kuɗin zama mamba na shekara, dala 200 da wani abu, bayan nan ba kuɗin kwana. Ku mutum shida ne, a otal ɗaki biyu ko uku ke nan kowane dare, ga abincin waje sau uku. A gidan musaya kina da kicin, da injin wanki, da falo da yara za su baje. Abin ba baƙo ba ne a wajenmu: fatake sun san mai masauki a zango, alhazai sun san gidajen 'yan'uwa a unguwannin Jarwal da Shara Mansur a Makka da ake sauka tun zamanin kakanni. Bambancin kawai shi ne a nan mai gidan ba ya nan, amanar ta koma a rubuce.

Wataƙila kina cewa wa zai so gidan haya a Jidda. Hajiya, gidanki yana da darajar da gidan Landan ba shi da ita. Makka tana wajen kilomita 80 daga ƙofarki. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, yana tashi daga tashar Sulaimaniyya a Jidda ya kai Madina cikin ƙasa da awa biyu. Akwai iyalai Musulmi a Birmingham, da Liyon, da Kuala Lumpur, da Istanbul, da ke son su yi sati biyu suna umra a natse da yaransu ba tare da kuɗin otal ya karya su ba. Su za ki nema, kuma ki faɗa a fili cikin bayanin gidanki cewa gidan Musulmi ne, ga abin da ba a shigowa da shi. Da irin wannan iyalin, rabin damuwarki ta kau: tukwanen da za ki tarar ba su taɓa naman alade ba, ba kare a gida, akwai dadduma, sun san masallacin unguwa da mahaucin halal.

Wahalar tana wajen lokaci. Hutunku na makaranta yana faɗowa daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, lokacin da zafi da gumin Jidda ke korar kowa, su kuwa Disamba ko Ramadan suke so. Maganinsa musayar da ba a lokaci ɗaya ba: su zo lokacin da kuka tafi Kano ko kuna jirgin ruwa, ku je nasu da rani, ko ku tara makin da dandalin ke bayarwa in kun saukar da baƙi ku kashe shi a wani gidan daban. Lokacin Hajji kuwa a rufe maganar gaba ɗaya. A 2025 hukuma ta sa tarar da ta kai riyal 100,000 kan wanda ya saukar ko ya yi jigilar masu bizar ziyara zuwa Makka a lokacin, kuma ba kya so a ce daga gidanki wani ya tashi ya shiga ba tasrihi, wato izinin Hajji.

Sannan gidan naki ne ko na haya? In wajen aiki ne suka ba ku, a bar maganar. In haya ne, kwantiraginku na Ejar, tsarin rajistar haya na gwamnati, yana nan, sai mai gidan ya yarda, kuma yardar ta zama a rubuce. Kada ki karɓi ko riyal ɗaya daga baƙin, domin da zarar kuɗi ya shiga, abin ya koma sana'ar saukar baƙi mai neman lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido. Ki tabbatar da bizarsu da ranar fitarsu. Mota kada ta shiga cikin musayar. Maganar tafwid, wato izinin tuƙa motar wani, da inshora da tarar kyamarorin hanya na Sahir a kan sunan maigida ba abin da za a ɗora wa sabuwar alaƙa ba ne. Ki kulle ɗaki ɗaya ki zuba takardu da abin da ba kya so a taɓa, gwal kuma ya bar gidan. Ki gabatar da su ga mai gadi da maƙwabciya ɗaya mai kirki, ki rubuta musu yadda ake canza tukunyar gas da yadda ake kiran wayit, tankar ruwa, in ruwa ya yanke. Kafin a ƙulla, a yi kiran bidiyo, su zaga da ke gidansu ɗaki-ɗaki, ke ma ki zaga da su, ki karanta shaidar waɗanda suka taɓa sauka wajensu. Duk wanda ya ce ki turo masa kuɗin ajiya ta bayan dandali, ki rabu da shi.

A nasu gidan kuma, akwai abubuwan da nake so ki gaya wa yara tun daga nan, domin sunanmu ne gaba ɗaya ke tafiya da ku. Banɗakin Turai yawanci ba shi da magudana a ƙasa, wani ma katako ne, ruwan alwala in ya kwanta yana lalata daɓe har ya ɗiga wa na ƙasa. Ku tafi da buta, ku ajiye tawul na goge ƙasa. Turaren wuta yana tayar da ƙararrawar hayaƙi, a bar kasko a Jidda. Shara rarraba ta ake yi, a Suwizalan ma garuruwa da yawa sai cikin ledar hukuma da ake saya, kuma bayan ƙarfe goma na dare da ranar Lahadi ba a son hayaniya. Gidaje da yawa ba na'urar sanyaya ɗaki, tsofaffin benaye ba lifta, don haka tambayar farko saboda Inna ita ce matakala nawa ce zuwa ƙofa. Ofishin jakadanci kuma zai nemi shaidar masauki: ki haɗa takardar tabbacin musayar da wasiƙar mai gidan, ki tambaya tun da wuri ko sun wadatar, domin a Faransa akwai takardar saukar baƙo da ofishin magajin gari ke sa wa hannu. Shengen yuro 90 ce ga babba tun Yunin 2024, da inshorar da ta kai yuro 30,000, kuma layin ganawa a Jidda kan cika tun kafin rani.

Jirgin ƙasa ba tafiya ce mai zaman kanta ba, yini ɗaya ne ko biyu da ake sakawa cikin wata tafiyar, shi ya sa ya dace da musayar gida. Wanda kowa ke gani a hoto shi ne Glacier Express na Suwizalan, daga Zamat zuwa San Moris, kilomita 291 cikin wajen awa takwas, gadoji 291, ramukan dutse 91, yana hawa har mita 2,033 a Obaralp. Tun 1930 yake aiki. Kyau kam ba a magana, amma awa takwas a kujera ɗaya da yara uku da mai ciwon gwiwa ya yi yawa. Ni Bernina Express nake zaɓar wa iyali: daga Kur zuwa Tirano a Italiya, wajen awa huɗu, gadoji 196, ramuka 55. Yana bi ta gadar Landwasa mai tsayin mita 65 wadda ke lanƙwasa ta shige cikin dutse kai tsaye, ya hau mita 2,253 inda ƙanƙara ke kwance a kan duwatsu ko da rani, sannan ya gangaro yana zagaya kansa a gadar Burusiyo har ya iso inda ake noman inabi. UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya a 2008. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne jiragen yau da kullum na mutanen gari suna bin wannan layin dai, ba kuɗin kama kujera, kuna iya sauka a wani ƙauye ku yi salla ku ci abin da kuka ƙunso ku hau na gaba. Mai Swiss Travel Pass kuma, wato tikitin baƙi na yawo a jiragen ƙasar, yaransa 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta suke tafiya tare da shi in ya karɓi katin iyali. Da rani magariba a can tana wuce ƙarfe tara na dare, ku tsara barcin yara da wannan.

In Shengen ta yi wuya, ba a rasa ba. Jirgin Nairobi zuwa Mombasa da aka buɗe a 2017 yana ratsa dajin Tsabo, ana ganin giwaye ta taga, tafiyar awa biyar zuwa shida, Mombasa kuma gari ne mai Musulmi da yawa, Kenya ta kuma sassauta wa 'yan Afirka shiga. A Turkiyya akwai jirgin gabas daga Ankara zuwa Kars, fiye da kilomita 1,300, yini da kwana, da ɗakunan kwana na mutum huɗu. A nan cikin gida ma, ba huruj ba biza, akwai jirgin arewa daga Riyad ta Ƙasim da Ha'il da Jauf har Ƙurayyat, wajen kilomita 1,250, yana ratsa yashin Nafud. Na dare yana da ɗakunan kwana, amma mai son ganin sahara ya hau na rana. Daga Jidda sai kun fara zuwa Riyad ta sama ko ta mota, domin babu layin dogo tsakaninsu tukuna.

Ga yadda zan jera muku. Hutun sanyi mai zuwa ku yi gajeriyar tafiyar ruwa ta kwana uku ko huɗu daga Jidda tare da Inna, ku ga yadda jikinta zai karɓa. A wannan satin da gida zai zama ba kowa, in mai gidan ya yarda, ku saukar da iyali na farko, ku samu shaida da maki. Daga Fabrairu ku fara neman gidan rani da layin ganawar biza, kuma ku zaɓi ƙasa ɗaya, gida ɗaya, jirgin ƙasa ɗaya. In biza ta fito wa wasu ba ta fito wa wasu ba, Kenya tana nan, shi ya sa tikitin jirgin sama ya zama irin wanda ake iya sauya wa rana. Ki turo mini ranakun ƙarewar fasfo da iƙamar kowa, da wanda Inna ke ƙarƙashin kafalarsa, wato wanda ya tsaya mata a iƙama, sai in gaya miki wace takarda za a fara sabuntawa. A gaida maigida da yara, a gaida Inna da jiki.